Na Jefar Da Katina, Kai Kada Ka Jefar Da Naka

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Daga ubanka Ibro mai lantarki, a nan Tawa, zuwa ga ɗana Salifu. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa. Allah ya sa motar da ta ɗauke ka ta sauke ka Yamai lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya, da sharrin mutane, da sharrin wayar da za ka riƙa ɗora wa hannu. Innarka ce za ta cusa wannan takarda a jakarka, tsakanin cuku da kayan aikinka. Na ce mata kada ta gaya maka, don na san ka, da ka gani za ka buɗe tun a zaure mu soma gardama.

Abin da ya sa ke nan na rubuta. Ni da kai in muka zauna magana ba mu kai ƙarshenta sai murya ta tashi, innarka ta fito daga ɗaki ta raba mu. Takarda kuwa ba za ka iya katse ta ba.

Ran nan muna gyaran rediyon liman a ƙofar gida ka ce mini: "Baba, katin nan in wa'adinsa ya ƙare ba zan sabunta ba. Ƙungiyar da ta wulaƙanta ka ba ta da abin da za ta gaya mini. A Yamai mutane da yawa suna jan waya ba kati, kuma suna cin abincinsu." Ba zan ɓoye maka ba, maganar ta yi mini daɗi a lokacin. Kowane uba yana son ya ji ɗansa ya ɗauki fushinsa. Amma da na yi ta juya ta a raina sai na ga ba daidai ba ce, kuma ni na sa ta a bakinka. To ka saurara, in ba ka labarin yadda ya faru, ba yadda nake ba da shi a kan tabarmar cin tuwo ba.

Bari in fara da yatsuna biyu na hagu da ba su lanƙwashewa. Na bar gonar ubana a Barmu ina saurayi na tafi Kurmi, can ƙasashen kudu, neman aiki, a can na koyi waya. Da na dawo sai aka ɗauke ni a gidan injin wuta na Tawa, ƙarƙashin wani anasara. Wata rana iska ta tsinke waya kusa da asibiti. Na ce masa ya kashe layin kafin in hau. Sai ya yi dariya ya ce baƙar fata tsoron waya suke kamar maciji, in jira shi ya gama abin da yake yi. Maganar ta shige ni. Na ɗauki tsani na hau sandar wuta ba tare da an kashe ba, don in nuna masa. Ban san lokacin da na sauko ba, sai farkawa na yi a kan gado hannuna a naɗe. Daga baya na ji cewa anasaran bai ma ga hawana ba, yana cikin biro, wato ofis, yana shan kofi.

Saboda haka, Salifu, kada ka taɓa waya sai ka kashe wuta da hannunka, ka zare fizibil, ɗan abin nan da ke haɗa wuta da gida, ka sa a aljihunka. Ko wa ya ce maka "na kashe," ko ni ne, ka je ka gani. Kuma kada ka yi komai don ka nuna wa wani. Wanda kake son nuna wa galibi ba ya ma kallonka. Ni ban koyi wannan daga sandar wuta ba, shi ya sa na sake yi.

Da aka samu 'yancin kai anasara suka fara komawa gida, aka kafa ƙungiyar masu aikin lantarki. Dokarta ka san ta. Sai an jarraba ka a ba ka kati mai hotonka, kuma kowace shekara ka sabunta. In ka ja waya a gida, sai wani mai kati ya zo ya duba ya sa hannu kafin a jona wa gidan wuta. A Tawa ba mu da yawa. Da ni, da Ango abokina wanda muka yi Kurmi tare, da wasu samari sababbin shiga, sai Mushe Dauda, wato Malam Dauda a bakin masu Faransanci, da aka turo daga Yamai ya shugabance mu. Ranar da aka miƙo mini katina na daɗe ina kallonsa. Ita ce takarda ta farko da ta ɗauki sunana ba don haraji ko aikin dole ba. Na kai wa innarka ta riƙe shi da hannu biyu.

Kana jin ina zagin Mushe Dauda, to yau bari in faɗi gaskiyarsa. Ya san aiki. Wajen lissafin nauyin da waya za ta ɗauka ya fi ni nesa, kuma na ƙaru da shi. Ciwonsa ɗaya ne, ba ya iya kallon babban mutum ya ce masa a'a.

Akwai wani Alhaji mai kanti kusa da tashar mota, babba ne kuma a jam'iyya. Ya sayo firiji don ya riƙa sayar da lemo mai sanyi da ƙanƙara. Ɗan ƙanensa, wanda ba shi da kati kuma bai taɓa zama ƙarƙashin kowa ya koya ba, shi ya ja masa waya. Aka tura ni in duba. Na tarar da siririyar waya irin ta fitila an ɗora mata firiji, an bi da ita ta jikin ƙofar ƙarfe ba bututu, ƙofar tana gugarta duk buɗewa. Wayar ƙasa kuwa, wadda za ta sha wuta in ta ɓalle, babu ita sam. Na ce wa Alhaji sai an warware duka an sake.

Ya ce, "Ibro, bikin buɗe kanti jibi ne, manya za su zo. Sa hannu kawai, daga baya a gyara."

Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. In na sa hannu yau, gobe ba wanda zai gyara."

Ya ce, "Ka san da wa kake magana?"

Na ce na sani, tun yana tallar goro a bakin kasuwa na san shi. Wannan ban kyauta ba, kuma kai kada ka yi irinta. A'a ta ishe ka, ba sai ka haɗa da gori ba. Gorin nan shi ya ba su abin riƙewa.

Washegari Mushe Dauda ya tara mu a biro. Ya karanta takarda cewa an dakatar da ni daga aiki har bayan girbi, saboda rashin ladabi ga manyan gari. Maganar waya ko ambatonta bai yi ba. Na dubi samarin nan, kowa ya sunkuyar da kai. Na dubi Ango, yana wasa da igiyar takalminsa. Sai zuciya ta ɗebe ni. Na zaro katin daga aljihu na jefa a kan tebur, ya zame ya faɗi gaban ƙafar Mushe Dauda. Na ce ya riƙe abinsa, hannuna ba a biro aka ba ni shi ba. Na fita ban waiwaya ba.

Wannan wurin ne kuke so a labarin, kai da ƙannenka. Ni ma a nan nake tsayawa in na ba da shi. A ranar har mutane suka riƙa zuwa zaure suna cewa Ibro namiji ne. To ka ji ni da kyau. Ƙin sa hannun nan ban yi nadamarsa ba, kuma ba zan yi ba har in mutu. Ko gobe aka kawo mini irin wannan aiki, ko na gwamna ne, amsar ita ce dai. Fitar ce kuskure. Dakatarwa ce suka yi mini, mai ƙarewa. Ni na mai da ita sallama da hannuna, na ba su abin da suke so ba tare da sun wahala ba.

Ba kati, ba mai ba ni aikin gida, don ko na yi ba za a jona ba. Na koma gyaran rediyo da tocila, ranar kasuwa kuma in tafi Barmu ko Afala in duba injin niƙa. Ba mu kwana da yunwa ba, alhamdu lillahi. Don haka masu ce maka ana cin abinci ba kati ba ƙarya suke ba, ana ci. Kanti kuwa an buɗe shi ranar da aka sa, da makaɗa. Ango ne ya sa hannu.

Ka tuna Isaka ɗan garuwa, mutumin Afala, wanda yake kawo mana ruwa tun kana lakwal, makarantar firamare? Mai yi wa innarka ba'a cewa randarta ba ta da gindi? Kana makarantar koyon sana'a lokacin da ya rasu, muka ce maka haɗari ne ba mu ƙara ba. Da damina ta zagayo, wata rana da hantsi bayan an ɗauke ruwa, ya kai ruwa kantin Alhaji. Ƙafa ba takalmi, ƙasa a jiƙe, garwa biyu a kafaɗa. Ya sa hannu ya tura ƙofar ƙarfen nan. Masu shayi na tasha suka ce ko ƙara bai yi ba. Wani ya buge hannunsa da sanda ya raba shi da ƙofar, amma rai ya riga ya fita. Ina cikin waɗanda suka kai shi Afala a bayan mota. Matarsa ta tambaye ni, tun da ni mai lantarki ne, mene ne wannan abu da yake kashe mutum ba jini ba rauni.

Ban kashe Isaka ba, kuma ba zan bari kowa ya ɗora mini ba. Na faɗa tun farko, an ƙi ji. Haka na riƙa gaya wa kaina, kuma gaskiya ne. Har ma, Allah ya gafarta mini, akwai ɗan abin da nake ji a ƙirjina mai kama da daɗi, cewa yanzu gari ya san wa ke da gaskiya.

Zandarma suka zo bincike. Ɗan ƙanen Alhaji ya tsallaka iyaka tun ranar, ba wanda ya sake ganinsa. Alhaji ya ce shi ɗan kasuwa ne, me ya sani game da waya, ga takarda mai kati ya sa hannu. Aka ɗauki Ango aka kai kaso, wato gidan yari. Tun ranar biro ba na gaishe shi. In na hango shi a masallaci sai in sake sahu. Innarka ce ta dafa abinci ta ɗora mini a hannu ta ce, "Ko dai ka kai masa, ko ni in kai, gari ya gani." Na tafi.

Na same shi ya rame, yana zaune a inuwar katanga. Na ajiye kwanon na ce ina wuni, da niyyar in juya. Sai ya ce in zauna. Na zauna na jira ya ba ni haƙuri, don abin da na zo ji ke nan.

Ya ce, "Ibro, ka san ni, ban taɓa iya musu ba. Tun a Kurmi kai ke cewa a'a, ni in ce to kun ji abin da Ibro ya ce. A bayanka nake fakewa. Samarin nan ma haka. Da ka zauna ka ci dakatarwarka, da na ce musu a jira Ibro ya dawo mu duba tare, in yi ta ja har su gaji su gyara. Amma ka tafi gaba ɗaya. Aka kira ni, ga Alhaji ga Mushe Dauda, ga alƙalami, babu sunan wanda zan kira."

Na ce, "Kenan laifina ne?"

Ya ce, "A'a, hannuna ne a takarda. Ina gaya maka yadda aka yi ne kawai."

Na dawo gida ina juya maganarsa. Ni ina ganin na bar su da kunya, ashe na bar su ne da ɗaki wanda ba mai cewa a'a a cikinsa.

Na san abin da za ka ce, don ka taɓa faɗa. Za ka ce ka gani, amfanin kati ke nan, ya nuna wa zandarma wanda za su kama, marar kati ya gudu, mai kuɗi ya kwana a gidansa. Haka ne, ba zan musa maka ba. Mai kati ana samunsa. To ni haka nake so a same ni. Duk gidan da na ja wa waya a Tawa, mai gidan ya san ƙofata, kuma yana kwantar da 'ya'yansa a ƙarƙashin aikina. Wanda ba ya son a same shi, ka tambayi kanka me ya bari a cikin bango. Kuma ko kai gwani ne, ka bar wani ya duba aikinka. Ni da nake wannan cika baki, Ango ya taɓa kama mini kuskure a gidan wani malamin asibiti, na haɗa waya biyu a juye. Na ji haushi, na gyara, ba wanda ya mutu.

Akwai kuma abin da na yi muku a gida. Shekarun da na yi ba kati, duk abincin da aka ajiye sai na zuba masa zancen biro. Kuna ci kuna ji. Innarka ta sha ce mini, "Malam, yaran nan tuwo suka zo ci." Ban ji ba. Ga shi yau ka tashi da ƙiyayyar mutanen da ba su taɓa yi maka komai ba, har kana shirin yar da katin da ka sha wahalar makaranta ka samu. In Allah ya ba ka iyali, abin da aka yi maka a wurin aiki ka gaya wa matarka sau ɗaya, ka gaya wa Allah, sannan ka bar yara su ci abincinsu.

Komawata ka san na koma, amma kana ganin kamar na sunkuya ne, shi ya sa ba ka son a yi zancen. To ban sunkuya ba. Na je biro na ce ina son katina. Mushe Dauda ya ce wanda ya fita da kansa sai ya sake jarrabawa kamar sabon shiga, kuma yanzu akwai ta rubutu da Faransanci. Ina jin ya ɗauka zan yi zuciya in tafi. Na ce a sa sunana. Na zauna da furfurata a benci ɗaya da yaran da na koya wa riƙe awartaki. Ta hannu na wuce, ta rubutu na faɗi. Masu shayi suka samu abin dariya. Na shiga makarantar manya ta yamma, ina haɗa baƙaƙen boko kamar ɗan yaye, har aka sake zama na ci. Ranar da Mushe Dauda ya miƙo mini katin ya ce, "Malam Ibro, ina fata an bar rigima." Na ce masa ladabi dai zai samu, amma rigima yanzu na dawo da ita.

Ba a daɗe ba aka kawo maganar ɗakin kwanan 'yan makaranta da wani ɗan kwangila ya gina. Na je na duba, wayar ba ta yi ba. A taro Mushe Dauda ya ce lokacin buɗe makaranta ya matso, wanda bai yarda a jona ba ya ɗaga hannu. Hannuna kaɗai ya tashi. Kowa yana kallon aljihuna, suna jira in zaro kati in jefa. Na gyara zama na ce a rubuta cewa Ibro bai yarda ba, a rubuta dalili, kuma a karanta mini in ji, tun da yanzu ina iya dubawa da kaina. Aka rubuta. Da aka zo neman mai sa hannu, sai ɗaya daga cikin samarin ya ce shi dai a jira, tun da Malam Ibro ya ce akwai gyara. Na biyu ma ya ce haka. Har yau ba a jona ba, ɗan kwangila yana ta kai ƙarata wurin manya. Ango ya fito daga kaso, an karɓe katinsa har abada, yana sayar da batir a kasuwa. Da na ba shi labari sai ya yi dariya har da hawaye.

To ga abin da nake so da kai. Da ka isa Yamai ka nemi biron ƙungiya ka kai kanka, su san fuskarka. Ka sabunta katinka kafin wa'adi, kada ka ba su hanyar cire ka da 'yar ƙaramar hujja. Kada ka ara wa kowa sunanka a kan aikin da ba ka gani da idonka ba, ko ɗan garinmu ne, ko ya zo maka da gaisuwa daga gare ni. Ka riƙa zuwa taro ko ya gundure ka. Za ka tarar da matsorata a can, da masu neman kujera, da masu karɓar goro a bayan ƙofa, ba na ce maka mutanen kirki ne duka ba. Amma ƙungiyar ba tasu ba ce su kaɗai. Anasara sun tafi sun bar mana injin da waya, in mu masu sanin aikin muka watse kowa ya kama gabansa, irin ɗan ƙanen Alhaji ne za su ja wa ƙasar nan wuta. In sun dakatar da kai, ka ci dakatarwarka ka dawo ranar da ta ƙare, da sassafe, ka zauna a gaba.

Ni kuwa an ce wata takarda tana zuwa daga Yamai a kan maganar makarantar nan, wataƙila ta zo a motar da za ta kai ka. Ban san abin da ke cikinta ba. In ka ji labari an raba ubanka da kati, ka san ƙwacewa suka yi, kuma sai sun ɗaga ni daga kan bencin taro da hannunsu.

Innarka tana gaishe ka, ta ce kada ka ci cukun duka a hanya, rabi na mai masaukinka ne. Ƙannenka suna gaishe ka. Ka riƙe salla, ka gai da mutanen yankinmu na Adar da ka samu a can. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya sa duk sandar da ka hau ka sauko da ƙafarka, ya sa kada hannunka ya zama sanadin kukan kowa. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri. Amin.

Ubanka,
Ibro